Ƙafar Yaya

A matakala ta goma sha ɗaya ta benen ofishinsu Manaja ya faɗi. Ba santsi ne ya kwashe shi ba, ba kuma tuntuɓe ya yi ba. Numfashi ne ya ƙare masa, idonsa ya rufe, sai ji ya yi goshinsa ya bugi ƙarfen dafawa. Mutum huɗu suka ɗauke shi, masu gadi biyu da direbobi biyu, kuma duk da halin da yake ciki sai da ya ji ɗayansu yana cewa, "Wannan ai sai da amalanke."

Likitar da ta duba shi gajeriyar mace ce wadda ba ta san wasa ba. Ta kalli takardar gwaji, ta kalli cikinsa da ya ɗaga rigar asibiti.

"Shekara arba'in da huɗu, kilo ɗari da goma sha biyu," ta ce. "Jininka ya hau, sukari yana bakin ƙofa. Zan ba ka magani, amma ƙwaya ba ta ɗauke tumbi. Ko dai ka motsa, ko a motsa da kai."

Shi manajan wani kamfanin sayar da kujeru da gadaje ne, kuma ya daɗe da yarda cewa babu matsalar da ba ta da kayan da ake saya a kashe ta. Ranar da aka sallame shi bai wuce gida ba sai da ya biya ta shagon kayan wasanni. Ya dawo da takalmi ruwan lemo mai ƙasa kamar katifa, da agogon da ke ƙirga taku da bugun zuciya, da matsattsen wando, da rigar da aka ce tana shanye gumi, da wata ɗamara mai aljihun gorar ruwa. Ya shimfiɗa su a kan gado. Matarsa ta tsaya a ƙofa riƙe da ƙugu.

"Baban yara, yaƙi aka ce ka je?"

Kwana tara yana fita da asuba yana dukan kwalta da dukan nauyinsa. A rana ta goma ƙaurinsa ya ɗauki zafi, gwiwar hagu ta kumbura kamar an hura ta. Matar tana ɗora masa ƙanƙara a cikin tawul ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kana da ɗan'uwan da aikinsa ke nan."

"Kada ki fara."

"Na fara. Ni ban shirya rainon marayu ba. Girman kan naka ka ajiye shi, in ka warke ka ɗauka."

Yayansa ya girme shi da shekara biyar, su biyu ke nan a wurin iyayensu. A ƙuruciya ba wanda yake kiran yayan da wani suna sai Barewa. Gudun dogon zango yake yi, kuma duk wanda ya gan shi a fili ya san yaron nan zai je nesa. Shekara ashirin da uku da suka wuce, ranar da za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa, motar da za ta kai shi ta ƙi tashi. Ƙanen, wanda a gida ake kira Auta, ya ruga ya aro babur ɗin maƙwabci, ya rantse ya iya, alhali satinsa ɗaya da fara koyo. A shataletale na biyu ya afka wa bayan tifar yashi. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Idon sawun Barewa na dama kuwa ya ragargaje, aka yi masa aiki sau uku, ƙafar ta warke a gajarce.

Ba wannan ne kaɗai ya raba su ba. A barandar asibiti, lokacin da Barewa bai farfaɗo ba, Baba ya cafki wuyan rigar Auta ya tambaye shi wanda yake tuƙi. Auta ya ce Yaya ne. Da Barewa ya farka ya ji abin da aka ce, bai ƙaryata ba. Baba ya rayu shekara huɗu bayan nan, kuma har ya rasu bai daina cewa babban ɗansa ya kashe kansa da ganganci ba. Tun daga lokacin abin da ke tsakanin 'yan'uwan bai wuce sannu da yauwa ba in sun haɗu a gidan Inna.

Yanzu yayan yana da shagon gyaran takalma a wani lungu kusa da tashar mota, da safe kuma yana horar da masu gudu, shi ya sa ake ce masa Koci. Manaja ya ajiye motarsa a bakin lungun ya ƙarasa yana ɗingishi. Shagon ƙarami ne, warin gam da fata ya cika shi. Yayan yana zaune ya kifa takalmi a kan ƙafar ƙarfe, ƙusoshi uku a bakinsa. Ya ɗago ya kalli ƙanensa tun daga kai har ƙasa, ya tofa ƙusoshin a tafin hannu.

"Inna lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya kawo manyan mutane lungu?"

Manaja ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya faɗi maganar likita da ta gwiwa a taƙaice, yana kallon tulin tsofaffin takalma maimakon fuskar yayansa. Yayan ya miƙa hannu, ya karɓi takalmin ruwan lemon, ya lanƙwasa shi, ya murɗe shi kamar mai matse wanki.

"Wanda ya sayar maka ya ga tumbi, ya ga aljihu. Cire safa." Ya dubi tafin ƙafar. "Shimfiɗaɗɗiya ce, irin ta Baba. Wannan takalmin ba naka ba ne."

Ya zana ƙafar a kan kwali, ya yanko wata roba mai tauri, ya fere ta da wuƙa, ya cusa a cikin takalmin, ya jefa masa a cinya.

"Filin bayan makarantar koyon sana'a, ƙarfe biyar da rabi. In ka makara da minti ɗaya ka juya. Kuma a can ba ni da ƙane."

"Ni ma ban zo neman yaya ba," in ji Manaja.

Su goma sha ɗaya ne a filin: direbobi, wani tsohon soja, malamai biyu, da wata nas mai dogayen ƙafafu wadda duk ta fi su gudu. Koci yana zagaya su a kan tsohon keke, usur a wuya. A ranar farko ya tsayar da keken a gaban Manaja, ya nuna agogon.

"Cire wannan."

"Shi ke nuna min bugun zuciyata."

"A hannu zuciyarka take? Cire. Ɗamarar ma. Wanda zai yi tafiyar minti ashirin ba ya ɗaukar guzuri."

"Tafiya? Gudu na zo yi."

"Ranka ya daɗe, kai da gudu sai nan da sati uku. In ka yi gudu da wannan nauyin filin ne zai kai ƙara."

Aka kwashe da dariya. Manaja, wanda mutum talatin ke miƙewa tsaye in ya shiga ofis, ya zagaya filin da ƙafa shi kaɗai, sauran suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Haka aka ci gaba. In ya taka da dunduniya a busa masa usur a kunne. In ya sunkuyar da kai a ce, "Me ka yar a ƙasa, ranka ya daɗe?" In ya yi daidai kuma ba a cewa komai. Wata safiya suna miƙe jijiyoyi nas ɗin ta matso kusa da shi.

"Wai me ka yi wa Koci?"

"Halinsa ne haka."

"A'a, ba halinsa ba ne. Mu har wasa yake yi da mu."

Abin da ya fi ƙona wa Manaja rai shi ne mutumin ya san aikinsa. Gwiwar ta sace. Zafin ƙaurin ya tafi. A wata na biyu ya yi gudun minti goma bai tsaya ba, a na huɗu ya yi na awa guda. Ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa, ya hau benen ofis yana magana a waya. Da a ce horon bai yi aiki ba, da ya samu dalilin zagin yayansa ya tafi. Amma kowane kilo da ya sauka sai ya ji kamar an ƙara ɗora masa wani abu a wuya. Yakan dawo gida ya jefar da takalmin a bayan ƙofa yana masifa.

"To ka daina zuwa mana," in ji matarsa.

"Ya ce ya kore ni? Ba zan ba shi wannan daɗin ba."

A wata na bakwai aka sanar da gasar gudu ta gari, zango biyu: kilomita goma da kilomita ashirin da ɗaya. Koci ya tsaya da takarda yana rarraba mutanensa. Da ya zo kan Manaja bai ko ɗago ba.

"Goma."

"Ashirin da ɗaya zan yi."

"Ba ka kai ba. Mafi nisan da ka taɓa yi sha huɗu ne, shi ma da ƙyar."

"Ƙafata ce ko taka?"

Manaja bai yi nufin kalmar ta fita haka ba, amma da ta fita bai janye ta ba. Koci ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

"Taka ce," ya ce. "Kai ai taka tana nan."

Ranar Lahadin gasar Manaja ya ɗaura agogonsa da ɗamararsa, duk abin da aka hana shi. Da aka busa, mutane wajen dubu suka ɓarke a kan babban titi, shi ma ya bi su da saurin da ba nasa ba. Kilomita biyar na farko ya ji kamar iska ce ke tura shi. Ya wuce tsohon sojan, har ya ɗaga masa hannu. A na goma rana ta fito sosai. A na sha uku ruwan gorarsa ya ƙare, tsohon sojan ya wuce shi. A na sha shida, a kan wata doguwar gada da ba ta da inuwa ko ta sandar fitila, jijiyar cinyarsa ta dama ta ƙulle kamar an ɗaure ta da waya. Ya dafa ƙarfen gadar, ya sulale ya zauna. Agogon yana ta ƙara a hannunsa.

Ya ji ƙarar sarƙar keken tun kafin ya gan shi. Koci ya sauke gajeriyar ƙafar a kan dakalin titi, ya tsaya a kansa. Ya miƙa masa gorar ruwa mai ɗan gishiri. Manaja ya sha, don ba shi da zaɓi.

"Miƙe ƙafar. Ja yatsun wajenka." Ya jira har jijiyar ta saki. "Motar asibiti tana gaba kaɗan. Hau baya in kai ka."

"Ba zan hau ba."

"Hau, ranka ya daɗe. Kada ka ji tsoro. Ni na iya tuƙi."

Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa kusantar maganar. Manaja ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya dafa ƙarfen ya miƙe.

"Ashe abin da ka tara ni dominsa ke nan. Wata bakwai kana wulaƙanta ni a gaban direbobi."

"Ni na kira ka? Da ƙafarka ka zo."

"Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin! Baba ya shaƙe ni, idonsa jawur. Me kake so in ce?"

"Gaskiya."

"Kai me ya hana ka faɗa? Bakinka ne ya karye?"

"Jira nake ka buɗe naka." Muryar yayan ba ta tashi ba. "Na jira a gadon asibiti. Na jira ranar da Baba ya kwashe kofunana ya zuba a buhu. Ranar da yake jan numfashin ƙarshe kana riƙe da hannunsa, ina kallon bakinka. Ko motsi bai yi ba."

Wasu masu gudu biyu suka wuce suna waiwayensu. Manaja bai damu ba.

"Kai kuma waliyyi ne? Tun ina yaro gidan nan ƙafarka ake bauta wa. Madara ta Barewa ce, ƙwai na Barewa ne, a yi shiru Barewa yana barci. Ni ɗan dakon jakarka ne. Ranar ma don in burge ka na aro babur ɗin. Ka yi shiru ne don ka riƙe ni a hannu, kuma ka ji daɗin riƙon. Duk haɗuwarmu sai ka ja ƙafar nan a gabana fiye da yadda kake ja a titi. Kana tsammani ban lura ba?"

Yayan ya karɓe gorarsa, ya rataya.

"Saura kilomita biyar," ya ce. "In ka faɗi, akwai masu kwasa."

Ya taka keken ya tafi.

Manaja ya ƙarasa da tafiya, yana jan ƙafa, yana tsayawa duk bayan 'yan taku. Lokacin da ya iso an buɗe titi wa motoci, ana kwance rumfuna, wasu ma'aikata suna naɗe ƙyallen da aka rubuta ƙarshen gudu a kai. Ba wanda ya rubuta lambarsa. Ya zauna a motarsa har ƙafar ta daina rawa, sannan ya tuƙa. Bai nufi gida ba.

Inna tana zaune a kan kujerarta kusa da taga, tana ninke wanki, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Shekarunta sun kusa tamanin amma idonta ras. Ta kalli matsattsen wandon da lambar da ke manne a ƙirjinsa.

"Auta, haka ka ratso gari? Babu mai hana ka a gidan naka?"

Ya durƙusa a gabanta da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Inna, magana na zo da ita. Ranar haɗarin Yaya, ba shi yake tuƙi ba. Ni ne. Ƙarya na yi wa Baba."

Ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Mai babur ɗin ya gaya min tun a satin. A hannunka ya sa makulli, a gabansa kuka tashi. Ni na roƙe shi ya rufe bakinsa."

"Amma Baba…"

"Ka san ubanka. Da ya ji, da ba ka sake kwana a gidan nan ba. Ɗa ɗaya yana kwance a karye, in bari a kori ɗayan?"

Wani abu ya faɗi a bakin ƙofa. Ledar magani ce, kwalabe suka gangaro cikin ɗaki. Duk Lahadi yayan ne ke kawo wa Inna magungunanta na sati, Manaja ya manta da haka sam. Ga yayan tsaye riƙe da labule, usur ɗin har yanzu a wuyansa.

"Inna," ya ce a hankali. "Shekara huɗu Baba yana ce min ganganci a kan abinci. Kina zuba masa ruwa kina ji."

"Kai ma ai ka yi shiru," in ji Inna, amma muryarta ta karye.

"Ni ina tsammanin ba ki sani ba. Ina cewa da Inna ta sani da ta tsaya min." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ashe ni kaɗai ne baƙo a gidan."

"Yaya," Manaja ya fara.

"Kai rufe min baki. Shekara ashirin da uku ka iya, yau ma ka iya."

Ya sunkuya ya tsince kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tebur yadda ya saba, na safe a dama, na yamma a hagu. Ya fita. Suka ji sarƙar keken har ta ɓace.

Inna ta juyo kan Auta, idonta cike da ruwa, fuskarta a murtuke.

"Ka huta? Kaya ya yi maka nauyi, ka zo ka sauke a kaina. Wa ya tambaye ka? Tashi ka ba ni wuri, duk ka cika min ɗaki da warin gumi."

Ranar Talata nas ɗin ta kira shi a waya, tana ta kame-kame. Koci ya ce a gaya masa kada ya sake zuwa filin. Ya kuma ce a gaya masa ya huta kwana goma kafin ya sake gudu, ya fara da kilomita uku.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan. Wai da gaske yayanka ne?"

Manaja ya kashe wayar.

Ya huta kwana goman, ya fara da ukun. Yanzu shi kaɗai yake gudu, a titin da ya bi ta bayan ma'aikatar ruwa, inda ba kowa sai masu shara. Hanya mafi sauƙi zuwa can ta bakin lungun shagon take bi, shi kuwa yakan zagaya ta kasuwar katako, ya ƙara wa kansa nisa.

Lahadi ta zo yayan bai je gidan Inna ba, ta biyu ma haka. Matar yayan ce ta kawo maganin ta tsaya a tsakar gida, ta gaishe da surukarta, ta ce yana lafiya, aiki ne ya yi masa yawa. Daga nan sauran hidimar ta dawo kan Manaja. Sai a lokacin ya san yawan abin da yayan yake yi a gidan: famfon da ke ɗiga, tukunyar gas, kwan fitilar bayi, layin asibiti duk ƙarshen wata. Bai iya rabinsu ba. Ya kwance famfon ya kasa mayarwa, ruwa ya malale kicin, Inna tana zaune tana kallonsa har ya kira mai gyara.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce sai wani satin. Ta rage muryar rediyo.

"Ka gan shi?"

"A'a."

"Ka je shagon?"

"Ban je ba, Inna."

Ta mayar da muryar rediyon yadda take.